Damfara Ce Ko Ba Damfara Ba? Rigimar Ƙugun Kare a Zauren Masu Kiwo

Baban Sultan: Jama'a ku taya ni gani, an damfare ni. Karen Alseshan ɗin da na saya wajen wani mai kiwo, har da takardar asali da hoton uban, ko shekara bai cika ba ya fara ɗingishi. Tashi ma da ƙyar, in kuwa yana gudu ƙafafun baya a haɗe suke tafiya kamar zomo. Likita ya ɗauki hoton ƙashi, ya ce kan ƙashin cinyar bai zauna daram a gurbinsa na ƙugu ba, kuma ciwon gado ne. Na kira mutumin, wai shi babu ruwansa.

Oga Mai Boyabel: Damfara? Malam ka iya bakinka. Ranar da ka ɗauke shi yana ɗingishi? Damfara ita ce ka biya kuɗin Alseshan a miƙo maka karen unguwa.

Hajiyar Barnawa: Ɓoye aibin kaya fa, Oga, me sunansa a kasuwarku?

Oga Mai Boyabel: Hajiya, sai ka san aibi kake ɓoye shi. Uwa lafiya, uba lafiya. Duba zai yi?

Ɗalibin Likitan Dabbobi: Da izininku manya. Ba ƙwayar gado ɗaya ke kawo wannan ciwon ba, da yawa ne suke taruwa, shi ya sa iyaye masu lafiyayyen ƙugu kan haifi mai shi. Kuma da ido ba a ganewa, wani karen ƙugunsa ya lalace amma yana tsalle abinsa. A Amurka akwai hukumar OFA mai tantance lafiyar ƙugun karnuka tun 1966, ba ta ba da shaida ta ƙarshe sai kare ya kai wata 24. Tsarin PennHIP kuwa yana auna sakin gaɓar tun daga mako 16. Tambayar ita ce: an taɓa ɗaukar hoton ƙugun iyayen kafin barbara?

Oga Mai Boyabel: Yaro, nan ba Amurka ba ce. Ka gama makaranta tukuna.

Sarkin Baka: Maganinku ke nan! Kun raina na gida. Karnukana kwana suke a daji, ban taɓa kai ɗaya hoton ƙashi ba. Kun kwaso masu gashin ƙasar sanyi kun kulle a keji.

Hajiyar Barnawa: Baba, wa ya taɓa ɗaukar hoton naka balle a sani? Kuma naka ɓarawo ma wutsiya suke kaɗa masa.

Sarkin Baka: 'Yata, ki aiko ɓarawon ya gwada.

Oga Mai Boyabel: Ni tambayata, Baban Sultan, me kake ba shi? Na ga hoton da ka saka kwanaki, kare ya zama tulu. Ga tayil mai santsi, ga hawan bene.

Ɗalibin Likitan Dabbobi: Ƙiba tana da hannu, gaskiya ne. A binciken da aka wallafa a 1992 kan karnukan Labrador 48, an rage wa rabinsu kashi 25 cikin ɗari na abinci. Da suka kai shekara 2, guda 7 cikin 24 ne suka kamu, waɗanda aka sakar wa abinci kuwa 16 cikin 24.

Oga Mai Boyabel: Yauwa ɗana, Allah ya yi albarka! Kun ji, ci ne.

Ɗalibin Likitan Dabbobi: Oga ban ce haka ba. Bakwai ɗin nan fa? Abinci yana tono abin da ke cikin jini ne, ko ya jinkirta shi.

Baban Sultan: Wato yanzu ni ne mai laifi don na ciyar da karena? Oga, ashe mutumin abokinka ne, an nuna min hotonku tare.

Oga Mai Boyabel: Ka janye damfara, sai mu yi maganar abota.

Hajiyar Barnawa: Kada ka janye komai. Ni ma har yau ba a ba ni katin rigakafin nawa ba.

Baban Sultan: Ni dai yanzu me zan yi wa karen?

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da muka fahimta: ilimi ya tabbatar da cewa ƙiba tana da hannu wajen lalacewar ƙugu, kamar yadda ɗalibinmu ya kawo. Maganar gado ma gaskiya ce, amma babu mai kiwon da ke ganin cikin jini. Don haka babu damfara, kuma duk wanda ya sake rubuta kalmar a nan zan cire shi. Baban Sultan ka rage masa ci. Masu son 'yan kwikwiyon wata mai zuwa ku same ni a gefe, saura kaɗan.