Neman kalma: shigar mai fatsa a kayak lokacin sanyin ƙanƙara

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamaina. Ranar Alhamis da safe za mu naɗi shirin rediyo, yau kuma ga Talata rana ta yi. Minti goma sha biyu ne a kan masu kamun kifi da fatsa cikin kayak a arewacin Amurka, da irin shigar da suke yi idan sanyi ya kankama don kada ruwa ya halaka su. Na gama komai sai kalmomi biyar da suka tsaya mini: kayak ɗin kansa, life jacket, drysuit, wetsuit, da cold shock. Hypothermia na rubuta "faɗuwar ɗumin jiki". Inda na fi cijewa shi ne drysuit da wetsuit, domin duka biyun sai in ga hannuna yana rubuta "rigar sanyi", alhali rabin shirin a kan bambancinsu yake. A taimaka don Allah.

Ɗan Yauri: Wa alaikumus salam Malama. Kayak kwalekwale ne, abin tuƙinsa filafili. Life jacket kuwa rigar ceto, haka muke ce mata a bakin ruwa tun da aka fara kawo mana ita.

Mai Fassara: Na gode Yaya. Amma in na ce kwalekwale kawai, mai sauraro zai hango dogon jirgin katako da mutum goma a ciki har da buhunan gero. Wannan na mutum ɗaya ne, filafilinsa baki biyu.

Baƙon Susquehanna: Malama, ni ina zaune a jihar Pennsylvania, kuma wannan kamun kifin ina yin sa a kogin Susquehanna, shekara ta huɗu ke nan. Kafin a raɗa suna bari in faɗi yadda kayan suke, don kada a sa wa abu sunan da ba nasa ba.

Drysuit riga ce haɗe da wando, guda ɗaya, daga wuya har tafin ƙafa. Ta wani dogon zif da ya ratsa ƙirji ake shiga. A wuya da wuyan hannu akwai roba mai laushi da take kama fata ta manne, ruwa ba ya samun hanya. Ranar da na fara sa tawa, robar wuyan ta shaƙe ni har na ji jijiyar kaina tana bugawa, sai da na tura mata tukunya a ciki ta kwana tana buɗewa. In ka sa ka ja zif, sai ka tsuguna ka ɗan ja robar wuyan da yatsa biyu, iskar da ta taru a ciki ta fita, in ba haka ba kana faɗawa ruwa iskar za ta iya taruwa a ƙafafu ta ɗaga su sama. Abin da nake so ki riƙe shi ne, ita kanta ba ta da ɗumi ko kaɗan, siririn yadi ne. Ɗumin yana wurin abin da ka sa a ƙarƙashinta: ta jikin fata mai tsotse gumi, sannan ta ulu ko mai laushi kamar bargo a kai. Auduga ba ta shiga wannan lissafi, domin in ta jiƙe da gumi sai ta riƙe shi ta zama ita ce mai sanyaya ka. Saboda haka "rigar sanyi" kuskure ne. Mai jin haka zai ɗauka suwaita ake nufi.

Wetsuit kuma roba ce mai kauri mai ƙananan kumfa a cikinta, tana matse jiki, ruwa kaɗan yana shiga ya kwanta tsakaninta da fata. Ta masu iyo da nutso ce. Wanda zai zauna awa biyar a kan kayak iska tana dukansa, in ya jiƙe a cikinta zai sha wuya.

Malamin Nahawu: Madalla da wannan bayani, ɗana. To ai Hausa ta riga ta tanadi hanyar ƙirar irin wannan suna: aikatau a gaba, suna a baya. Hana-salla, dafa-duka, fasa-ƙwauri, ɓata-gari. Drysuit ita ce hana-jiƙa. Wetsuit ita ce sha-jiƙa. Kowacce ta faɗi aikinta da bakinta, kuma sun yi tagwaye kamar yadda suke a harshen da suka fito. Life jacket kuwa, na daɗe ina kira a ce mata ka-fi-gora, a kan ƙirar ka-fi-zabo da ka-fi-malam. Masuntanmu da gora suke yawo a kan ruwa tun kaka da kakanni, ga wanda ya fi gora ya zo. Shekara uku ina koya wa ɗalibaina wannan kalma. "Rigar ceto" fassarar Turanci ce aka yi mata wankan Hausa.

Mai Fassara: Allah ya gafarta Malam, hana-jiƙa ta kwanta mini. Tsorona ɗaya: masu buga rubutunmu a shafin intanet sukan zubar da lanƙwasar ƙ, sai ta koma "hana-jika", a ɗauka jikan mutum ake hanawa. Kuma ba "jiƙewa" ya kamata ba, tunda mutum ne ke jiƙewa?

Malamin Nahawu: Hana-jiƙewa ta yi tsawo, ba ta zauna a baki. Sakacin masu buga rubutu kuma ba hujja ba ce a kan harshe. Su gyara allon rubutunsu.

Ɗan Yauri: Malam, da girmanka, ka-fi-gora ban yarda da ita ba. Mahaifina shekara arba'in yana su, gora ce a ƙirjinsa, ita ce jirginsa, ita ce ma'ajiyar kifinsa. Je ka Argungu ka ga dubban mutane sun faɗa kogin Matan Fada, kowa da gorarsa da homarsa. Yanzu sai a kawo abin kanti a raɗa masa suna da cewa ya fi ta? In aka faɗi wannan a rediyo, dattawanmu zagi za su ji. Mu da muke cikin sana'ar muna da kalmarmu, ba mu ce ta gaza ba.

Malamin Nahawu: Ba raini ba ne, ɗana. Wanda ya ce ka-fi-malam bai raina malamai ba. Kuma gaskiya ce: gora sai ka riƙe ta, ita kuwa wannan ita ke riƙe ka.

Ɗan Yauri: To a bar masu abu su sa wa abinsu suna. Kullum daga aji ake ƙera kalma a aiko mana bakin ruwa.

'Yar Damagaram: Ku yi mini izini. Shirin nan in an watsa shi, ba Kano da Zariya kaɗai za su ji ba, har mu nan Damagaram da Maraɗi da Tawa. Mu ta Faransanci abin ya iso mana, gilet de sauvetage, kuma ma'anarsa ceto ce. Ke nan "rigar ceto" ta haɗa ɓangaren biyu, ba wanda zai tsaya tambaya. Ka-fi-gora sai an yi mana darasi. Abin da ke damuna, duk lokacin da aka zauna neman kalma, sai a yanke a can kudu a ce mu bi, kamar mu ba a cikin Hausa aka haife mu ba. Sannan a kula, kada kowa ya kawo "rigar ruwa" a wannan jeri, domin rigar ruwa ta damina ce.

Malamin Nahawu: Ba wanda ya ce ku bi, 'yata. Ni damuwata aro ne. Yau kayak, gobe wata, jibi a wayi gari jimla guda babu ta Hausa sai "da" da "ne". Kakanninmu da suka ga abin hawa a kan dogo sun ce jirgin ƙasa, da suka ga na sama suka ce jirgin sama. Ba su rasa baki ba. Kayak a ce masa jirgin-ɗaya.

'Yar Damagaram: Su ɗin ne kuma suka karɓi mota da bokiti da tebur, da ashana daga Yarbawa, da alƙalami daga Larabawa, Baba.

Baƙon Susquehanna: Malam, kalmar kayak ma ba ta Bature ba ce. Ta mutanen Inuwit ce na Girinlan da arewacin Kanada, su ne suka ƙera shi da fatar dabbar ruwa a kan firam na itace, don farauta. Bature aro ya yi. Har hana-jiƙar da muke magana sun riga kowa: suna da rigar fata da suke kira tuilik, ana tsuke ta a fuska da wuyan hannu, a ɗaure gindinta a bakin ramin da mutum ke zama, ko jirgin ya kife ruwa ba ya shiga. Ni a ganina barin sunan girmama masu shi ne, kamar yadda Yayana na Yauri yake nema wa gora.

Ɗan Yauri: Wannan magana ta shige ni. A bar musu sunansu.

Mai Fassara: Malamaina, la'asar ta yi, cold shock har yanzu ba wanda ya taɓa ta.

Ma'aikaciyar Jinya: Ita na shigo dominta, Malama, don ita ce ke kisa da wuri, kuma kada ki haɗa ta da faɗuwar ɗumin jiki. Faɗuwar ɗumi ita ce zafin cikin jiki ya sauko ƙasa da digiri 35 daga 37 da aka saba, wannan kuwa yana ɗaukar lokaci. Cold shock a daƙiƙun farko take. Fata tana haɗuwa da ruwan da ya yi ƙasa da digiri 15, mutum zai ja numfashi da ƙarfi ba da sonsa ba, sannan haki ya biyo, zuciya ta hau bugu. In kansa yana ƙarƙashin ruwa lokacin wannan jan numfashin, ruwa ya shaƙa. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada ya taƙaita abin da 1-10-1: minti 1 ka shawo kan numfashinka, minti 10 kafin hannu da ƙafa su daina yi maka biyayya, kusan awa 1 kafin sanyi ya gusar da hankali, in akwai abin da ke riƙe ka a saman ruwa. Kalmar da nake ba ki ita ce shiɗewa. Kowace uwa ta san yaro ya shiɗe. Shiɗewar ruwan sanyi.

Malamin Nahawu: Shiɗewa ɗaukewar numfashi ce, ke kuma kin ce jan numfashi ne da haki.

Ɗan Yauri: Malam, ka tuna wankan asuba a tsakiyar hunturu da ruwan da ya kwana a randa. Kwanon farko da ka sheƙa a ƙeya, wannan "hiii" ɗin da ke ƙwace maka, ƙirji ya ƙulle, ka kasa cewa komai. Mu shiɗewa muke ce masa. Ninka shi goma, ka sa mutum a tsakiyar kogi.

Malamin Nahawu: Na karɓa. Wannan Hausa ce tsantsa.

Baƙon Susquehanna: Haka yake. Na gwada da gangan a watan Nuwamba, a inda ruwa bai wuce ƙugu ba, abokina yana tsaye a gefe. Da cikakkiyar shiga ta, amma fuska da hannu kawai da suka taɓa ruwan sai da na yi numfashi biyar kafin in iya kiran sunansa. Bayan 'yan mintuna yatsuna sun kasa buɗe ƙugiyar da ke jikin igiyar filafili. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 a kan iska. Shi ya sa a nan ake cewa ruwa ake yi wa shiga, ba rana ba: sai ka ga hantsi ya yi daɗi, ruwan kuwa digiri 5 ne. Dokar Pennsylvania ma ta wajabta wa duk mai kayak ya sa rigar ceto a jikinsa daga 1 ga Nuwamba zuwa 30 ga Afrilu. Ajiye ta a bayan kujera ba ya wadatarwa, domin hannun da ya sandare ba ya ɗaura maɗauri. Ni nakan rataya usur a kafaɗarta, waya kuma a cikin jakar roba a aljihun ƙirji.

Mai Fassara: Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan shiga da shi. Farkon ambato "ƙaramin kwalekwale na mutum ɗaya da ake kira kayak", daga nan kayak kawai. Rigar ceto. Shiɗewar ruwan sanyi. Faɗuwar ɗumin jiki. Drysuit zan ce "rigar hana-ruwa mai rufe mutum daga wuya har ƙafa", saboda matsalar lanƙwasa da na faɗa. Wetsuit ban samu guda ɗaya ba, sha-jiƙa kuma in babu tagwaniyarta ba ta tsayuwa, don haka zan ce "matsattsiyar rigar roba ta masu nutso".

Malamin Nahawu: Hana-ruwa ai ƙirar tawa ce aka sauya mata wutsiya, kuma ta fi rauni, tunda rigar damina ma hana ruwa take yi. Amma shirinki ne, lokaci kuma ya ƙure. Kalma shida kin kashe a kan abin da sha-jiƙa ta gama da biyu. Ka-fi-gora ban janye ta ba, a ajina ita za a ci gaba da ji.

'Yar Damagaram: Winter fa, Malama? In kin ce hunturu, mu iska mai ƙura za mu gani, ba ƙanƙara ba.

Mai Fassara: "Lokacin sanyin ƙanƙara" na sa a farko, hunturu a sauran wuraren. Wannan kuma sai wani zaman, Yaya.

Ɗan Yauri: Ki faɗa mana ranar da za a sa shi da ƙarfe nawa. Zan kai wa tsoho rediyo bakin ruwa, ina so ya ji zancen rigar fatar nan ta mutanen Girinlan.