Za a buɗe jardan a Tawa: mi za a fara tanada?

Madam Zainabu: Salamu alaikum ƴan zaure. Za a buɗe jardan, makarantar ƙananan ɗiya kafin firamare, a unguwa, ɗiya talatin masu shekara 3 zuwa 5, kuɗin kaya kaɗan ne. Mi za a fara tanada, kuma yaya ake raba wuni?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam ƙanwata. A fara da ɗaki. Kada ku zuba ɗiya cikin ajin zana ko da na wata guda ne. Gobarar unguwar Pays-Bas a Yamai, Afrilun 2021, ta ci ɗiya kusan ashirin, kuma bayan ta Maraɗi a Nuwamban wannan shekara gwamnati ta hana ajin zana ga ƴan jardan. Ƙofa ta riƙa buɗewa waje, kuma ba a kulle ta da ɗiya ciki. Batun wuni kuwa, in sun zo da ƙarfe takwas a zauna kan tabarma minti 15, gaisuwa, kiran suna, waƙa. Daga nan a raba su shida shida, kowane gungu da abin wasansa. Ɗan shekara 3 ba ya zama kan abu guda fiye da minti goma, in kika matsa sai kuka da cizo. A Afrilu da Mayu wasan waje kafin ƙarfe goma, tatsuniya da kwanciya in rana ta take.

Mushe Idi: Madam, ki sa uwaye su tara marafan kwalbar lemu, a wanke da sabulu. Su ne lissafinku. Yaron da ke rera un, deux, trois har ashirin waƙa ya haddace. Aje masa marafi biyar ya taɓa kowane da yatsa yana ƙirgawa, sannan ki ce, duka nawa ke nan? In ya sake farawa daga ɗaya, bai gane cewa lambar ƙarshe ita ce jimla ba. Sai ki koma kan uku, a yi ta yi da takalma, da kofuna, da abokansa. Marafi na manyan aji ne. Ƙananan komi baki suke kai shi, a ba su ƙwallon goruba da guntayen katako da aka goge.

Tanti Hadiza: Ga ƙullun wasa: fulawa kofi 2, gishiri mai laushi kofi 1, mai cokali 2, ruwan ɗumi kusan kofi 1, ana zubawa kaɗan kaɗan ana murzawa. In yana kama hannu a ƙara fulawa. In yana tsagewa a jiƙa hannu a sake murzawa, kada a kwarara ruwa. Da hunturu iska na busar da shi nan da nan, sai a rufe cikin roba mai murfi. Da damina gishirin ke jawo laima ya yi ta naso. In fulawa ta yi tsada, yumɓu ya isa.

Maman Abdul: Tanti, duk na ji, amma uwaye kuɗi suke biya. In wata biyu suka wuce babu rubutu cikin kaye, cewa za su yi wasa kawai ake yi, su kwashe ɗiyansu.

Hajiya Rabi: Haka suke cewa, ɗiyata, amma yatsun ɗan shekara 3 ba su yi ƙwarin riƙe biro ba. Dunƙule shi zai yi cikin tafi, kuma gyara wannan riƙon a CI, ajin farko na firamare, wahala ne. Murza ƙullu, yage takarda, zura igiya cikin marafan da aka huda ga manyan aji, zana layi da da'ira cikin faranti mai rairayi, daga baya alli mai kauri da allo. Kaye sai ajin ƙarshe. Su kuma uwaye, a liƙa aikin kowane yaro a bango da sunansa da kwanan wata, su ga na Oktoba kusa da na Fabrairu.

Mushe Idi: Tatsuniya a fara ta da harshen gida, Hausa ko Tamajak, faransanci ya shigo ta waƙa da sunayen kaya. A tsakar gida kuwa, tsoffin tayoyi a binne rabinsu, a huda ƙasan waɗanda ke kwance don kada ruwa ya taru sauro ya haihu, a leƙa cikinsu kowace safiya saboda kunama. Abin sulu na ƙarfe in ba inuwa ƙona cinya yake yi.

Madam Zainabu: Na gode, Allah ya saka. Wanke hannu fa, babu famfo?

Tanti Hadiza: Kada a tara su a roba guda, ruwan na farko ne kawai mai tsabta. Buta da sabulu, babba na zubawa, roba a ƙasa tana tare ruwan. Bayan bayan gida da kafin cin abinci. Kowa da kofinsa mai alama, kifi ko tauraro, tunda ba su iya karanta suna ba tukuna.