An ɗaura aurena ina Ingila, ta yaya zan gamsar da masu biza cewa auren gaske ne?

Nas a Bradford:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka bi wannan hanya su taimaka mini da abin da suka gani da idonsu. Ina aikin jinya a Bradford, ina da takardar zama ta dindindin, albashina kuma ya haura abin da ake nema. Bara aka ɗaura aurena da ɗan kawuna a Zariya, ranar ina nan bakin aiki saboda ban samu hutu ba. Baffana ne waliyyi, an karɓi sadaki gaban shaidu a masallacin unguwarmu. Bayan ƙaramar Sallah na je gida aka yi biki, na tare, muka zauna tare har hutuna ya ƙare. Yanzu ina so in nema masa biza.

Ga abin da ke hana ni barci. Takardar auren liman ne ya rubuta da hannu, rabi Larabci rabi Hausa. Ba na cikin hoton ɗaurin aure ko ɗaya. Hirarmu kusan duk saƙon murya ce da Hausa, tsofaffin kuma sun tafi da wayar da na canza. Wata ƙawata ta ce sai na koma gida mun yi auren rajista, in ba haka ba kuɗina zan zubar. To in cika takardu da abin da ke hannuna, ko in sayi tikiti in koma? Kuma hirar Hausa dole sai an fassara ta?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya kawo ƙazantar ɗaki. Abu na farko ki tabbata albashinki ya kai fam 18,600 a shekara, shi ne suka fi dubawa. Ni da na kawo iyalina fam 1,538 na biya na biza, na lafiya, wato kuɗin amfani da asibitocinsu, kuma 1,872.

Bakatsiniya:
Malam, yaushe rabonka da duba farashi? Tun 11 ga Afrilun 2024 aka mayar da albashin fam 29,000. Ni 1,846 na biya, kuɗin lafiya 3,105, domin sun mai da shi 1,035 a shekara kuma shekara uku suke lissafawa. Baiwar Allah ma ta ce albashinta ya kai, ba shi ta tambaya ba.

Injiniya:
Ke ma naki ya tsufa, Hajiya. A Afrilun 2025 kuɗin biza ya koma 1,938. Kada kowa ya yi kasafi da farashin wani, a duba shafin gwamnati ranar da za a biya.

Na Bronx:
Kai, ana yankan ku a Ingila. Mu nan Amurka dala 675 ce takardar farko ta nema wa miji ko mata biza in da hannu ka cika, 625 in ta intanet. Amma ki yi hattara, a Amurka auren da aka ɗaura ɗaya ba ya wurin ba ya shiga lissafi sai in an tare bayan ɗaurin.

Bakatsiniya:
Ai takardar farko ka faɗa, ka bar sauran kuɗin da ke biyo baya da shekarun jira. Kuma ita Bradford ta ce.

Ɗan Fagge:
Ni dai abin da ya fi damuna Bazazzagi za a kai ƙasar sanyi. A gwada shi da ruwan randa da asuba tukuna, in ya jure sai a ba shi biza.

Bazazzagi Sak:
Bakano ke nan, ana maganar aure shi yana lissafin kwabo. Hunturun Samaru kaɗai ya ishe mu horo. Amarya, kada ki kula shi.

Maman Abba:
'Yar uwa, ni ba jiyau ba ce. Zan faɗa miki nawa ko da zai yi tsawo, don kada wani ya faɗa inda na faɗa.

Mijina yana Landan, ni ina Kaduna. Aurenmu na gaskiya ne, iyaye suka haɗa, gari ya shaida. Da ya tashi nema mini biza sai abokinsa ya haɗa shi da wani ejen, wai duk wanda ya bi ta hannunsa ya wuce. Na kai masa abin da muke da shi a cikin leda: takardar masallaci, katin gayyata, hotunan kamu da na wuni, har da takardar da aka rubuta kayan lefe. Ya zazzage su a kan tebur, ya ɗaga hotonmu na buɗar kai inda nake lulluɓe da mayafi kaina a ƙasa, ya ce wannan ba zai nuna wa Bature soyayya ba. Ya ce a bar masa komai. Ashe ya zauna ya ƙirƙiro hira da Turanci, wai ni da mijina ne, ni da ko a makaranta ban saba rubuta irin waɗannan kalmomi ba. Ya kuma samo wata takardar aure mai tambari ja wadda kwanan watanta ya saɓa da na masallaci. Bai nuna mana ko ɗaya ba kafin ya tura.

Ranar da aka kira ni a waya ana yi mini tambayoyi, gaskiya na faɗa. An ce yaushe aka ɗaura, na faɗi ranar da na sani. An ce da wane harshe kuke hira, na ce Hausa. Abin da na faɗa da abin da ke gabansu suka yi hannun riga. Takardar ƙi ta fito, a ciki an rubuta ba su gamsu auren na gaske ba ne. Ina ɗauke da cikin Abba na karanta wannan. Ejen ya daina ɗaga waya, kuɗin biza kuma ba a mayarwa.

Kafin mu farfaɗo mu sake tara kuɗi sai aka ɗaga albashin da ake nema, na mijina bai kai ba. Yanzu yana aiki biyu. Abba ya yi wayo, in an ce ina Baba sai ya nuna waya. Ina zaune a gidan surukai, a wurin biki na ji wata da kunnena tana ce mini matar waya. Kwanan nan kuma 'yan uwansa sun fara yi masa maganar ya nemi wata a can mai takardu, wai kada ya ƙare a gwauro.

Bakatsiniya:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi sai da na yi hawaye. Allah ya bi miki haƙƙinki, Maman Abba.

Injiniya:
Allah ya kawo mafita. Amma ba ku ɗaukaka ƙara ba? Irin wannan biza in an ƙi akwai damar zuwa kotun shige da fice.

Maman Abba:
Mun je wurin lauya. Ya ce da wane baki za mu kare takardar da mu kanmu mun san ta bogi ce? Shawararsa mu sake nema daga farko, mu rubuta gaskiyar abin da ya faru.

Alhajin Kwari:
Ki faɗi sunan ejen ɗin mutane su guje shi. Ni akwai yarona da ke wannan harka, naira dubu 300 kawai yake karɓa, bai taɓa samun matsala ba. Amarya ki yi mini magana ta gefe.

Bakatsiniya:
Haba Alhaji! Yanzu fa ka gama karanta abin da ejen ya yi wa baiwar Allah.

Malamin Leeds:
Amarya, bari in taɓa tambayarki, tunda an yi nisa da ita. Ni ba lauya ba ne, amma na kawo matata da takardar masallaci, ban je rajista ba. Ƙa'idar Ingila ita ce, in auren ya inganta a dokar ƙasar da aka ɗaura shi, suna karɓa, kuma auren Musulunci aure ne a dokar Najeriya. Abin da suke so su gani shi ne kun taɓa haɗuwa ido da ido, kowannenku ya kai shekara 18, auren yana nan da ransa, kuma kuna da niyyar zama tare. Auren ɗan kawu bai haramta a dokarsu ba, auren haɗi ma sun san da shi.

Rashin ki a hoton ɗaurin aure kada ya dame ki. Wace amarya ce ake gani a masallaci ranar ɗaurin aure a ƙasar Hausa? Ki rubuta wasiƙa gajera ki bayyana yadda muke yi: waliyyi ne ke bayarwa, ango ko wakilinsa ya karɓa, shaidu su ji siga da sadaki. Ki faɗi fili cewa kina Ingila ranar, ki faɗi dalili. Sai ki haɗa da tikitin zuwanki, tambarin shiga da fita na fasfo, hotunan biki inda ake ganin iyayen ɓangare biyu, da shaidar kuɗin da kuke tura wa juna in akwai. Saƙon murya ba a buga shi a takarda, amma jerin kiraye-kirayen WhatsApp yana nuna rana da tsawon kira, ki ɗauki kaɗan daga kowane wata. Takardar liman kuwa dole mai fassara na ainihi ya mai da ta Turanci, ya sa sunansa da sa hannu da kwanan wata da inda za a same shi.

'Yar Toronto:
A yi hankali da wannan shawara. Kanada tun 2015 ta daina karɓar auren da aka ɗaura ango ko amarya ba ya wurin. Na san wadda sai da suka sake ɗauri. Ni a ganina ta koma ta yi rajista hankalinta ya kwanta.

Malamin Leeds:
Gaskiya ne a Kanada, amma dokar Kanada ba ta aiki a Bradford. Kuma in ta yi rajista yanzu ta zama tana da ranar aure biyu, dole ta yi bayanin duka biyun.

Ɗalibar Lauya:
Da girmamawa Malam, kai da kanka ka ce ba lauya ba ne. Naka ya wuce ba ya nufin nata zai wuce, kai kana wurin aka ɗaura naka, ita ba ta nan. A Ingila ba kowa doka ta yarda ya riƙa ba da shawarar shige da fice a matsayin sana'a ba, sai lauya ko wanda ke da rajista da hukumar da ke sa ido kan masu wannan sana'a, wato IAA, wadda a da ake kira OISC. Anti, ki biya a duba miki takardunki ko da zama ɗaya ne.

Malamin Leeds:
'Yata, ban karɓi sisin kowa ba, abin da na gani na faɗa. Ke kin taɓa cika wannan takarda ko sau ɗaya?

Ɗan Fagge:
Lauyan da na tambaya fam 800 ya ce.

Bakatsiniya:
Ni 1,500 aka ce mini, ban da haraji. Da kaina na cika, kuma ya fito.

Nas a Bradford:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Maman Abba, kin shiga addu'ata. Malam, wasiƙar bayanin ta kwanta mini. Amma har yanzu ban ji amsar hirar da muka rubuta da Hausa ba, ita ma sai an kai wa mai fassara, ko takardar aure kaɗai? Sannan kan rajista kun rabu biyu.

Injiniya:
Kada ki manta da gwajin tarin fuka, a cibiyar hukumar kula da ƙaura ta duniya, wato IOM, ta Abuja ko Legas ake yi, takardar wata shida take yi ta mutu, don haka kada mijinki ya yi da wuri. Sai jarrabawar Turanci matakin farko, wato A1. In yana da digirin da aka koyar da Turanci, Ecctis, masu tantance takardun karatu, na iya tantance masa a maimakon jarrabawa.

Alhajin Kwari:
Ni maganar rajistar nan ce ba ta yi mini ba. Ku sani duk namijin da ya sa hannu a auren rajista ya ɗaure kansa, doka ba ta ba shi damar ƙara aure ba muddin wannan yana nan. A ce don biza mutum ya rufe ƙofar da Allah ya buɗe masa?

Bakatsiniya:
To Alhaji, ko bai yi rajista ba, Ingila ba ta ba mata ta biyu bizar aure. Kuma yaron bai ko taka filin jirgi ba kun fara yi masa tanadin amarya.

Bazazzagi Sak:
Alhaji yana kare mana haƙƙi ne, a bar shi ya yi magana.

Maman Abba:
Wannan ƙofar da ake magana ita ake so a buɗe a kaina. Ba a tambayi yadda nake ci da sha ba, ba a tambayi kuɗin makarantar yaro ba, sai maganar kada ya zauna shi kaɗai. Ni da nake zaune ni kaɗai fa?

'Yar Toronto:
Kin taɓo inda ke mini ciwo. A danginmu akwai mata biyu da aka aura aka ajiye, mazan suna waje. Ɗaya in an turo kuɗi hannun uwar miji yake shiga, sai ta roƙa kafin a ba ta na sabulu. Iyaye su daina ba da 'ya don an ce mutum yana Turai, a fara tambaya wace irin takarda gare shi, kuma nawa yake samu.

Ɗan Fagge:
A yi mana adalci dai. Kun san nawa ne hayar ɗaki a nan? Mutum ya biya haya, ya biya haraji, ya tura gida, ƙanne su kira, a kuma ce ya tara fam dubu biyar na biza. Ba duk wanda ya bar mata a gida ne mugu ba.

'Yar Toronto:
Ba wanda ya ce duka. Amma wanda ya san albashinsa bai kai 29,000 ba, me ya sa ba zai faɗa wa iyayen yarinya tun ranar gaisuwa ba?

Alhajin Kwari:
In ya faɗa wa zai ba shi? Ku ma iyaye mata ku ne kuke tsawwala lefe da an ji sunan Landan. Ƙanina akwati goma sha biyu aka yanka masa.

Bakatsiniya:
Wa ya yanka, uwar yarinya ko gwaggonninsa masu son a ce sun kai? Alhaji ka bincika da kyau ka dawo mana da amsa.