An rufe asusu amma mai shi yana shiga: inda za a duba

Abin da masu kula da sabar suka fi jaddadawa shi ne a fara tambayar sabar kanta kafin a taɓa kwamfutar ma'aikaci. A Active Directory, tsarin Microsoft da ke riƙe asusun ma'aikata a kan sabar, asusun yau da kullum yana ɗauke da lamba 512 a userAccountControl, gurbin da ke nuna halin asusu, idan an rufe shi ya koma 514. A gwada shiga asusun da ldapsearch, umarnin da ake tambayar sabar da shi kai tsaye. Kuskure mai lamba 49, wato an ƙi shiga, tare da 533 na nufin asusun a rufe yake, 52e kalmar sirri ce ba daidai ba, 775 kuwa an kulle shi saboda yawan kuskure.

Idan sabar ta ƙi amma mutum yana shiga, sau da yawa ajiyar bayanan shiga da ke kan na'urarsa ce ke barin sa. Windows tana riƙe bayanan shiga 10 don lokacin da babu hanyar sadarwa, tikitin Kerberos kuma, wato shaidar shiga da sabar ke bayarwa, yana kai awa 10. Asusun tafi-da-gidanka na macOS shi ma haka yake.

Linux ce ta fi ba da wahala. Mai makullin SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ba ya buƙatar kalmar sirri, don haka rufewar ba ta tare shi sai an sa UsePAM yes a saitin SSH, an kuma sa access_provider = ad a sssd.conf, fayil ɗin saitin SSSD, manhajar da ke haɗa Linux da sabar asusu. Daga nan a sa ajiyar SSSD ta daina aiki da umarnin sss_cache -E. OpenLDAP, wata sabar asusu daban da Active Directory, ba ta da alamar rufewa tata. Don rufe asusu ana sa gurbin pwdAccountLockedTime ya zama 000001010000Z, amma shiga da kalmar sirri kaɗai wannan yake hanawa, don haka sai a cire makullin SSH daga authorized_keys, fayil ɗin makullan da aka yarda da su.