Neman shawara: takardar hul'ina ta ɓata, uban yara ya riƙe su tun Babbar Sallah

Wata 'yar'uwa a Kano (ta nemi a sakaya sunanta):
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. A 2021 alƙali ya raba aurena ta hanyar hul'i, na mayar da sadaki a gaban kotu. Yaranmu biyu, namiji ɗan shekara 7 da mace 'yar shekara 5, suna hannuna a gidan mahaifiyata tun lokacin. Da Babbar Sallah ubansu ya aiko a kai masa su kwana uku, har yau bai dawo da su ba. Da yayana ya je, sai uban ya ce ai a kotu na yafe masa riƙonsu, aro ya ba ni. Wallahi ban tuna an yi wannan magana ba. Takardar da kotu ta ba ni ta ɓata lokacin da ruwa ya shiga ɗakinmu, ban kuma riƙe lambar ƙarar ba. Ga shi an sa ranar aurena da wani mazaunin Kaduna. Ta yaya zan samo kwafin shari'ar? A wace kotu zan kai ƙarar yaran? Shin auren zai sa in rasa su? 'Yar ƙaramar ba ta taɓa kwana ba ni ba sai wannan karon.

Baba Tsohon Magatakarda:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya kawo sauƙi. Na yi aikin kotu har na yi ritaya, ki kwantar da hankalinki, ɓatan takardarki ba ɓatan shari'arki ba ne. Duk abin da kika faɗa da abin da tsohon mijinki ya faɗa, da shaidu, da hukunci, alƙali ya rubuta su da hannunsa a kundin shari'a, kuma kundin yana kotun da aka yi zaman ko da an canja alƙalin sau nawa.

Ki koma kotun da kanki, ki nemi rajistara, kada ki tsaya wurin masu tare mutane a bakin ƙofa suna cewa "Hajiya me ke tafe da ke". Ki tafi da cikakken sunanki da nasa kamar yadda kuka bayar a lokacin, da shekara, da watan da aka yi hukunci ko da kintace ne, da sunan alƙalin in kin tuna. Akwai littafin rajistar ƙararraki na kowace shekara, a ciki za a bi layi-layi har a ga sunanku, lambar ƙara tana gefensa. Da an sami lamba an sami kundi. In kin ce "bayan azumin 2021 ne" kin rage musu rabin aiki.

Sai ki rubuta takardar neman kwafin shari'a wanda aka tabbatar, abin da lauyoyi ke kira CTC. Ki nemi zaman gaba ɗaya, ba takardar saki kaɗai ba, domin takardar saki layi kaɗan ce, ba lalle ta nuna sharuɗɗan hul'in ba. Za a buga, a sa hatimi da sa hannu. Duk kuɗin da kika biya ki karɓi rasit. In aka yi ta cewa ki dawo gobe har abin ya wuce misali, ki rubuta koke zuwa ofishin babban magatakarda na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, su ne ke sa ido a kan ƙananan kotunan nan.

Maman Khalifa:
Ni dai da ni ce da tuni na je makarantar yaran na kwaso abina. Uwa ce fa, wa zai ce ta yi sata?

Lauya Aunty:
Maman Khalifa, don Allah kada mu ba ta wannan shawarar. In ta yi haka zai kai ta wurin 'yan sanda, maganar ta tashi daga riƙon yara ta koma rigima, kuma a gaban alƙali ita za a riƙa yi wa kallon mai ɗaukar doka a hannu alhali shi ne ya fara.

'Yar'uwa, tunda aurenku na Musulunci ne, Kotun Shari'a ce ke da hurumi. Ki shigar da ƙara a kotun da ke yankin da yake zaune, domin a nan sammaci zai same shi ba tare da gardama ba. Ba dole sai da lauya ba, kina iya faɗa wa magatakarda da baki ya rubuta. Amma ki faɗi buƙatunki duka lokaci guda: a dawo miki da yaran, a tabbatar da wanda zai riƙe su, a yanka masa kuɗin ciyarwa na wata, da kuɗin makaranta da na asibiti da tufafi, a kuma tsara ranakun da zai riƙa ganinsu. Mata da yawa suna neman riƙo kawai su manta da ciyarwa, sai sun koma gida su ga sai an sake sabuwar ƙara. Ki kai takardun haihuwar yaran, da rasit ɗin makaranta da kika riƙa biya, da shaidu biyu maza masu mutunci da suka san yaran a hannunki suke tun 2021. In hukunci bai yi miki ba akwai ɗaukaka ƙara, amma da wa'adi, kada ki bari kwana 30 ya wuce. In babu halin ɗaukar lauya, ki je ofishin Legal Aid Council ko wurin ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, suna taimaka wa marasa ƙarfi.

Ga masu karatu da suka yi auren rajista: ku naku ba nan ba ne, Babbar Kotun Jiha ko ta Babban Birnin Tarayya Abuja ce kaɗai ke raba shi, ƙarƙashin dokar aure ta 1970.

Malama Ummu Sadiq:
Bari in taɓa ɓangaren fiƙihu, domin alƙalanmu da mazhabar Malikiyya suke hukunci. Riƙon yaro bayan rabuwa haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Maganar da ake yawo da ita cewa da yaro ya kai shekara 7 sai uba, ba ita ce maganar Malikiyya ba. Ciyarwa kuma tana wuyan uba ko a hannun wa suke.

Amma ƙanwata, gaskiya ɗaya ce, akwai abubuwa biyu da za su taɓa ki. Na farko, in kika auri wanda ba muharramin yaran ba kuka tare, haƙƙinki ya faɗi. Sai dai ba ga uba yake komawa kai tsaye ba, mahaifiyarki ce ke biye, dangin uwa suna gaba da dangin uba a jerin. Na biyu, tafiya. Malamai sun ce in mai riƙo za ta ƙaura da yaro nisan baridi shida daga waliyyinsa, wato wajen kilomita 120 zuwa 130, uba yana da ikon hana tafiya da shi. Kano zuwa Kaduna ya haura kilomita 200. Saboda haka kada ki shiga kotu da cewa za ki tafi da su Kaduna. Tunda a gidan mahaifiyarki suka tashi, kuma tana Kano, in tana da lafiya da ƙarfin kula da su, ta bi ki kotu ta nemi riƙon da bakinta.

Batun yafewa kuwa, ana iya yin hul'i bisa sharaɗin mace ta bar riƙo, shi ya sa maganar Baba take da nauyi. In babu wannan sharaɗi a kundin, da'awarsa ta zama fatar baki.

Abban Yusra:
Ni namiji ne, kuma ina ganin ya kamata a ji ta bakin uban. Wataƙila labarin auren ya ji, ya tsorata kada a kai masa 'ya'ya gidan wani a wani gari. Ba na goyon bayan yadda ya yi, riƙe yaro da dabara ba hali ba ne. Amma kafin sammaci, a tura manya biyu su gaya masa yaran za su zauna wurin kakarsu a Kano, zai riƙa ganinsu duk Juma'a. Wani uban da ya ji haka zai sauko.

Hajiya Babba:
Na yarda da Abban Yusra a gwada sulhu, ko ta mai unguwa ko ta Hisbah, sun saba da irin wannan. Ƙanwata ta bi ta nan aka daidaita su. Amma duk abin da aka amince a rubuta, kowa ya sa hannu da shaidu, in da hali a kai wa alƙali ya mayar da shi hukunci. Sulhun baki shi ne ake wayar gari a ce "ban faɗa ba".

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tuna a watan Shawwal ne, kuma yayana ya tuna sunan alƙalin. Mama ta ce za ta je. Baba, shin in jira kwafin ya fito kafin in shigar da ƙara? Kuma in ɗaga auren?

Baba Tsohon Magatakarda:
Kada ki jira, 'yata. Ki nemi kwafin ranar Litinin, ki shigar da ƙarar a makon, ki gaya wa alƙali kin nema yana hanya, ki nuna masa rasit. Duk watan da yaran suka ƙara a gidansa, zai ce ai sun saba har an sa su makaranta a unguwarsu. Ki roƙi kotu tun zaman farko ta sa a kawo su ki gan su kafin a gama shari'a. Batun aure kuma ku zauna da waliyyinki da manemin, ku gaya masa halin da ake ciki. Ni da za a bi tawa, a ɗan jinkirta tarewa har alƙali ya rubuta sunan mahaifiyarki a matsayin mai riƙo.