Tarzomar masu ƙin jinin baƙi: su wa ke kan titi, kuma ina masu kuɗi ke tsayawa?

Rabi_Samaru:

Assalamu alaikum malamaina. An ba mu aikin gabatarwa a aji kan tarzomar da masu tsattsauran ra'ayin ƙin jinin baƙi suka yi a Ingila a watan Agustan 2024, kuma an ce lallai a shigo da maganar talaka da mai kuɗi. Ga inda kaina ya ɗaure. Wasu na cewa talauci ne ya fito da mutane titi, wasu na cewa attajirai ne ke ɗaukar nauyin abin. To in attajirai ne, ai kantunansu aka fasa. Mai kuɗi zai biya a ƙona masa kanti? Don Allah wanda ya san kan abin ya warware mini, da misalan da zan iya karewa a gaban aji.

Malam Sani Kongo:

Wa alaikumus salam Rabi. Fara da yadda abin ya faru, don a nan ake yawan yin tuntuɓe. Ranar 29 ga Yuli, 2024 wani matashi ɗan shekara 17 ya kashe yara mata uku da wuƙa a wani ajin koyon rawa a Southport. Kafin dare ƙarya ta bazu a intanet cewa Musulmi ne mai neman mafaka da ya shigo ta kwalekwale. Alhali a Cardiff aka haife shi, iyayensa 'yan Ruwanda ne. Washegari aka far wa masallacin garin, cikin mako guda kuma abin ya kai Hartlepool, Sunderland, Hull, Liverpool, Middlesbrough, Rotherham, Tamworth har Belfast.

Ki ɗauki taswira ki duba garuruwan nan. Yawancinsu tsofaffin garuruwan ma'adinai ne da ƙarfe da tashar jiragen ruwa, waɗanda aiki ya gudu ya bari. Otal ɗin masu neman mafaka da aka nemi cinna wa wuta da mutane a ciki ranar 4 ga Agusta yana Manvers ne, kusa da Rotherham, yankin da mahaƙar kwal ɗinsa ta rufe a 1988. Masana'antar ƙarfe ta Redcar, gefen Middlesbrough, ta rufe a 2015. A kan wannan aka ɗora tsuke bakin aljihun da gwamnati ta fara a 2010, wanda ya fi cin ƙananan hukumomin da dama ba su da ƙarfi.

Amma me ya kai masu neman mafaka waɗannan garuruwa tun farko? A nan kuɗi ya shigo. Gwamnatin Birtaniya ba ita ke ajiye su da hannunta ba. Tun 2019 kwangilar tana hannun kamfanoni uku: Serco, Mears da Clearsprings. Ɗan kwangila kuwa inda haya ta fi araha yake nema, don abin da ya rage shi ne ribarsa. Da gidaje suka ƙare aka koma kama otal-otal, har a 2023 gwamnati da bakinta ta ce tana kashe kusan fam miliyan 8 kullum a kansu. Shi mai neman mafakar doka ta hana shi aiki, kuma in otal ɗin na ba shi abinci, abin da ke shiga hannunsa bai kai fam 10 a mako ba. Mutumin unguwa yana jin "miliyan 8 kullum", yana ganin baƙo zaune a ƙofar otal ba aikin fari ba na baƙi, sai ya ɗauka baƙon ne ya cinye. Wanda kuɗin ya shiga asusunsa ba a unguwar yake kwana ba, ba wanda zai je ya jefi gidansa.

Ki lura kuma da abin da aka ƙona. A Liverpool ɗakin karatu ne na unguwa, a Sunderland ofishin da ke ba talaka shawara kyauta kan bashi da haya. Manyan kantunan da aka wawashe a Hull suna da inshora, kuma akwai dokar 2016 da ta ba wanda tarzoma ta yi wa ɓarna damar neman diyya har fam miliyan 1. Asarar da ba ta dawowa a kan 'yan unguwar ta faɗa.

Sai dai kada ki rubuta cewa talauci kaɗai ne. Talakawan da suka fito da tsintsiya washegari suka share titi, suka gyara katangar masallacin Southport, ai su ma 'yan garin ne, kuma sun fi masu jifa yawa.

Dakta Hadiza (Tarihi):

Rabi, tambayarki ta "mai kuɗi zai biya?" tana da amsa a tarihi, kuma amsar ita ce: ya danganta da abin da ya fi tsoro a lokacin.

A Italiya, shekarun 1919 da 1920 ma'aikata sun yi ta yajin aiki, a Satumbar 1920 har suka mamaye masana'antu, 'yan ƙwadagon gona kuma suka tilasta wa masu filaye ƙarin lada. Masu manyan gonaki na kwarin kogin Po suka ba 'yan daban Mussolini kuɗi da motoci, su kuma suka bi gari-gari suna ƙona ofisoshin ƙungiyoyin ƙwadago. Oktoban 1922 Mussolini ya hau mulki. A nan kam biya aka yi kai tsaye, don kantin da ake ƙonawa ba na mai biyan ba ne.

Jamus ta fi koyarwa, don labarin da aka saba ji, wai manyan 'yan jari-hujja ne suka reni Hitler tun yana ƙarami, ba haka yake sak ba. In ban da ɗaiɗaiku irin su attajirin ƙarfe Fritz Thyssen, yawancinsu sun fi son jam'iyyun 'yan mazan jiya da suka saba da su, suna kallon 'yan Nazi a matsayin 'yan tasha. Jam'iyyar ta dogara sosai da kuɗin katin mambobi da kuɗin shiga taro. Masu zaɓenta kuma ba marasa aikin yi ne suka fi yawa ba, duk da cewa a 1932 marasa aiki sun kai miliyan 6. Da yawan waɗannan 'yan gurguzu suka bi. Ƙarfin Hitler yana wurin ƙananan 'yan kasuwa, manoma, masu sana'ar hannu da ma'aikatan ofis, wato masu ɗan rufin asiri da ke tsoron kada ya yaye.

Abin ya juya ne da ya samu kashi 37 cikin 100 a Yulin 1932. Ranar 4 ga Janairu, 1933 aka haɗa shi da tsohon shugaban gwamnati Franz von Papen a gidan wani mai banki, Kurt von Schröder, a Cologne. Ranar 30 ga wata ya zama shugaban gwamnati, su Papen na ganin za su riƙe linzaminsa. Ranar 20 ga Fabrairu aka tara manyan masu masana'antu, ciki har da Gustav Krupp da wakilan kamfanin sinadarai na IG Farben, Hitler ya yi musu jawabi, tsohon gwamnan babban banki Hjalmar Schacht ya buɗe asusun da aka sa wa burin mak (kuɗin Jamus) miliyan 3 don zaɓen 5 ga Maris. Ranar 2 ga Mayu aka murƙushe ƙungiyoyin ƙwadago. Wannan shi ne abin da suka saya.

Cinikin bai ƙare yadda kowa ya so ba. Thyssen ya gudu a 1939, aka ƙwace dukiyarsa, daga baya aka kamo shi aka tsare. Krupp da IG Farben kuwa sun ci riba har da aikin bayi a lokacin yaƙi. Saboda haka ki tsara abin daki-daki: raini da farko, sai jarrabawa in ƙuri'a ta yi yawa, sai zuba kuɗi in mulki ya tabbata.

Alhaji Bala PZ:

Dakta, Allah ya ƙara basira, amma ina da ja kaɗan. In Rabi ta ɗauki Jamus ta 1933 ta kifa a kan yau, za a kama ta da tambaya ɗaya: ina 'yan gurguzun da masu kuɗi ke tsoro yanzu? Babu su. Don haka yau kansu a rabe yake, kuma rabuwar tana bin irin kasuwancin kowa.

Mai gidan kula da tsofaffi, mai gonar 'ya'yan itace, mai kamfanin gini, jami'ar da ke rayuwa da kuɗin ɗaliban waje, duk baƙo suke so. Shi ya sa bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai shigowar baƙi ƙaruwa ta yi maimakon raguwa, kuma da aka buɗe bizar masu kula da tsofaffi a Fabrairun 2022 'yan Najeriya sun kasance cikin na gaba-gaba. Mai sayar da kaya ƙasashen waje shi ma ba ya son a ɓata sunan ƙasarsa. Reinhold Würth, attajirin Jamus mai kamfanin kusoshi, a Maris 2024 wasiƙa ya rubuta wa ma'aikatansa yana jan kunnensu kan zaɓen jam'iyyar AfD mai ƙin jinin baƙi. Duk da haka a Fabrairun 2025 ta samu kusan kashi 21, ta zo ta biyu.

A ɗaya ɓangaren akwai wanda dukiyarsa ba ta buƙatar ma'aikata da yawa, damuwarsa haraji ne da ka'idojin gwamnati. Irin wannan ba ya ba ɗan jifa kuɗi, gidan talabijin yake saya. Vincent Bolloré na da CNews a Faransa. Paul Marshall na cikin masu GB News, a Satumbar 2024 kuma ya sayi mujallar Spectator fam miliyan 100. Elon Musk, mai X, ana tsakiyar tarzomar ya rubuta cewa yaƙin basasa ba makawa a Birtaniya. Ba kotun da za ta ce ga wanda ya biya kuɗin fetur ɗin da aka watsa wa otal. Barazil ce ta ɗan bambanta, don bayan harin da magoya bayan tsohon shugaba Bolsonaro suka kai wa gine-ginen gwamnati ranar 8 ga Janairu, 2023 a Brasilia hukuma ta bi sawun waɗanda suka yi hayar motocin safa, ta sa aka riƙe dukiyarsu.

Amurka ta nuna abu biyu. Binciken Robert Pape na Jami'ar Chicago kan waɗanda aka kama bayan harin da magoya bayan Trump suka kai majalisar dokoki ranar 6 ga Janairu, 2021 ya gano da yawansu masu kasuwancin kansu ne ko ma'aikatan ofis, marasa aiki kaɗan ne. Wannan ya yi daidai da maganar Dakta. Na biyu, manyan kamfanoni da dama sun sanar da dakatar da gudummawa ga 'yan majalisa 147 da suka ƙi amincewa da sakamakon zaɓe, sannan da ƙura ta lafa da yawa suka ci gaba da bayarwa shiru. Ranar 20 ga Janairu, 2025 Musk da Bezos da Zuckerberg na zaune a wurin rantsar da Trump, a ranar kuma ya yafe wa kimanin mutum 1,500 na tarzomar.

Rabi_Samaru:

Na gode ƙwarai Baba Alhaji, na gode malamaina. Saura abu ɗaya. A makon da ake tarzomar Ingila dai aka sa mana dokar hana fita a Zariya saboda zanga-zangar tsadar rayuwa. Zan iya cewa abu ɗaya ne?

Malam Sani Kongo:

A'a, kada ki soma. Gaskiya ne ranar 5 ga Agusta, 2024 aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya, kuma a ranar ce Ma'aikatar Harkokin Waje ta gargaɗi 'yan Najeriya kan zuwa Birtaniya. Lokaci ne ya haɗa su. Tamu kan gwamnati ta nufa, kan cire tallafin fetur na 29 ga Mayu, 2023 da farashin abinci, ko da ɓata-gari sun shiga sun yi wawaso. Tasu kan wanda ya fi su rauni ta nufa. Tambayar da za ki riƙa yi wa kowace tarzoma ke nan: fushin sama ya kalla ko ƙasa?

In kina son misali na kusa, ɗauki Afirka ta Kudu. A Mayun 2008 an kashe mutum 62 a hare-haren ƙin baƙi, a 2019 har Air Peace ya kwaso 'yan Najeriya gida. Shagon ɗan Somaliya da ɗan Habasha na cikin unguwa ake fasawa, mai mahaƙar zinariya na barcinsa. Mu ma ba mu tsira ba: a Janairun 1983, da kuɗin fetur ya faɗi, gwamnatin Shagari ta kori baƙi, yawancinsu 'yan Gana, kamar yadda Gana ta kori namu a 1969. Ki kuma nemi rubuce-rubucen marigayi Dakta Yusufu Bala Usman a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello, kan yadda masu faɗa a ji ke fakewa da addini su raba kan talaka. Daga nan Samaru ya yi wannan muhawarar, bayan rikicin Kafanchan na 1987 da ya fantsamo har Zariya ma bai fasa ba.

Alhaji Bala PZ:

Ƙari kan hujja, 'yata, don kada ki ce "an biya su" ba takarda a hannu. Hukumar zaɓen Birtaniya tana wallafa sunan duk wanda ya ba uwar jam'iyya sama da fam 11,180. A Amurka gudummawar da ta haura dala 200 ana ganin sunan mai ita a shafin hukumar zaɓe ta tarayya. Ki ɗauki kamfani ɗaya, ki ajiye sanarwar da ya fitar a makon tarzoma, ki duba abin da ya bayar bayan wata 6 da bayan shekara 2. Inda aikin ke lalacewa shi ne kuɗin da ke bi ta gidan jarida ko cibiyar bincike, don ba ya fitowa a wannan rajistar. Shi sai ki bi ta rajistar kamfanoni ki ga su wa ke da hannun jari. A nan gida Dokar Zaɓe ta 2022 a lokacinta ta ƙayyade naira miliyan 50 a matsayin iyakar abin da mutum ɗaya zai ba ɗan takara, amma ba za ki samu jerin sunaye irin wancan da sauƙi ba, don haka ɓangaren Najeriya ki tsaya kan rahoton kwamitocin bincike da hukuncin kotu.