Adireshin na'ura a direban Linux: inda kowa ya yi tuntuɓe

Malam Sani: 'Yan'uwa, ina roƙon waɗanda suka taɓa rubuta direba (manhajar da ke sarrafa na'ura) a kernel, wato zuciyar tsarin Linux, su ba mu labarin yadda suka kwashe da adireshin ƙwaƙwalwar na'ura. Ni dai a karona na farko na ɗauki adireshin da ke cikin BAR (rajistar da ke nuna inda ƙwaƙwalwar kati take) na katin PCI, irin wanda ake soka wa kwamfuta, na karanta shi kai tsaye, nan take kernel ya faɗi. Ashe adireshin zahiri ne, ba a taɓa shi sai an bi ta ioremap ko pci_iomap an samo wanda MMU, sashen da ke fassara wa processor adireshi, ta sani.

Malama Binta: Malam Sani, naka da sauƙi, tunda ya faɗi a gabanka. Ni na yi ioremap yadda ya kamata, amma na riƙa kwafar bayanai da memcpy, umarnin kwafa na yau da kullum, kuma a kan kwamfuta mai processor x86 abin ya yi watanni yana tafiya lafiya lau, har na saki jiki. Ranar da aka ɗora direban a kan allo mai processor ARM ya tsaya cik, domin can ƙwaƙwalwar na'ura ba ta yarda a karanta ta daga adireshin da bai daidaita ba, memcpy kuwa babu ruwansa da wannan ƙa'ida. Na koma ga readl da writel da memcpy_fromio, waɗanda aka tanada don karatu da rubutu a ƙwaƙwalwar na'ura. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da na sa alamar __iomem, mai nuna adireshin na'ura ne, na gudanar da sparse, manhajar da ke bincikar kuskure a lambar kernel, tun farko, da ya nuna mini layin.

Injiniya Kabiru: Ni DMA ce ta kayar da ni, wato hanyar da na'ura take karanta ko rubuta bayanai a ƙwaƙwalwar kwamfuta da kanta. Na ba na'ura adireshin zahiri da virt_to_phys ya dawo da shi, alhali adireshin da na'ura take gani daban ne da zarar an kunna IOMMU, sashen da ke fassara wa na'urori adireshi. Bayanai suka daina isowa, dmesg, inda ake ganin saƙonnin kernel, ya cika da ƙorafi. Maganin shi ne a samo adireshin ta dma_map_single, a duba sakamakon da dma_mapping_error, amma tun kafin haka a faɗa wa kernel ta dma_set_mask cewa katin bit 32 ne, bai iya kaiwa sama da gigabait 4.

Malam Sani: Malama, ko kin gamu da rubutun da bai isa na'ura a kan lokaci ba? Jiya na kashe katsewa (interrupt, siginar da na'ura ke aika wa processor) da writel, ta sake shigowa, sai da na karanta rajistar da readl a bayansa abin ya lafa.